Amurka: abin da ya sa ɗan mazan jiya mai kwangilar gwamnati ke riƙe lauya tun kafin rigima ta taso

Gwamnatin tarayyar Amurka na kashe fiye da dala miliyar 700 a kowace shekara wajen sayen kaya da ba kamfanoni masu zaman kansu aiki, kama daga ƙera jiragen yaƙi har zuwa sharar asibitoci da gyaran maƙabartun sojoji. Daga cikin waɗannan maƙudan kuɗaɗe, doka ta ware wani kaso ga ƙananan kamfanonin ƴan mazan jiya, wato tsoffin sojojin da suka ajiye kaki, musamman waɗanda suka samu rauni ko naƙasa a bakin aiki. Ga sojan da ya dawo gida yana neman abin yi, wannan babbar ƙofa ce. Sai dai ƙofar na da sharuɗɗan da ake bincikawa tun daga ranar da aka shiga har ranar da aka miƙa aiki, kuma kuskure ɗaya a takarda na iya raba mutum da kwangilarsa, ko ma ya kai shi gaban alƙali. Shi ya sa masu irin waɗannan kamfanoni da dama ke ɗaukar lauya su riƙe shi shekara da shekaru, ba su jira sai wuta ta kama.

Gatan da doka ta bayar

A shekarar 1999 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta nemi a riƙa ba ƙananan kamfanonin tsoffin sojoji masu naƙasa aƙalla kashi 3 cikin 100 na kuɗin kwangilolin gwamnatin tarayya. A 2003 aka ƙara wata dokar da ta ba ma'aikatu damar keɓe wasu kwangiloli, ta yadda waɗannan kamfanoni kaɗai za su yi takara a kansu, ko kuma a ba ɗaya daga cikinsu aikin kai tsaye idan kuɗin bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba. A ƙarshen shekarar 2023 aka ɗaga kason daga kashi 3 zuwa kashi 5.

Ma'aikatar kula da ƴan mazan jiya, wadda ake kira VA, tana da nata tsarin na musamman tun 2006. Idan jami'inta na ganin akwai ƙananan kamfanonin tsoffin sojoji biyu ko fiye da za su iya aikin a kan farashi mai kyau, to su kaɗai za a buɗe wa takara. Wannan ita ce ƙa'idar da aka sani da ƙa'idar biyu. Ma'aikatar VA na tafiyar da asibitoci da ɗakunan shan magani masu yawa a faɗin ƙasar, saboda haka kasuwarta ba ƙarama ba ce.

Takardar shaida da abin da ke iya ɓata ta

Kamfani ba ya cin wannan gata sai da takardar shaida. Tun daga ranar 1 ga watan Janairun 2023, hukumar kula da ƙananan kamfanoni ta SBA ce ke bayar da ita, kuma ana sabunta ta. Sharuɗɗan biyu ne: mallaka da iko. Dole ɗan mazan jiya ya mallaki aƙalla kashi 51 cikin 100 na kamfanin da sunansa, ba tare da wani sharaɗi da ya ɗaure hannun jarinsa ba. Dole kuma ya kasance shi ke riƙe da muƙami mafi girma, shi ke tafiyar da harkokin yau da kullum, shi ke yanke shawara kan makomar kamfanin.

A baki abin kamar mai sauƙi ne. A takarda ne matsala ke ɓuya. A ɗauki misalin tsohon soja da ya kafa kamfanin gini tare da wani abokinsa farar hula, shi yana da kashi 51, abokin yana da 49. Suka rubuta a yarjejeniyarsu cewa ba za a ci bashi ko a ɗauki ma'aikaci ba sai su biyun sun amince. A idonsu wannan amana ce tsakanin abokai. A idon hukuma kuwa, abokin ya samu ikon hana ɗan mazan jiya yanke shawara, ke nan iko ya fita daga hannunsa, kuma ana iya hana kamfanin takardar ko a soke ta. Doka ta yarda abokin tarayya ya sa baki a kan ƴan manyan lamurra kawai, irin su sayar da kamfanin, rushe shi, haɗe shi da wani, ko shigo da sabon mai hannun jari.

Akwai wasu abubuwan da ke jawo tuhuma: idan ɗan mazan jiya na da wani aikin albashi da ke cinye masa lokutan aiki, idan wani farar hula a kamfanin ya fi shi albashi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko kuma idan kamfanin ya dogara kacokan ga kuɗi, ofis ko lasisin wani wanda ba tsohon soja ba ne. Duk waɗannan abubuwa ne da ke sauyawa da tafiyar kasuwa. Kamfanin da ya cika sharuɗɗa a bara na iya karya su a bana saboda wani bashi da ya ci ko wani sabon abokin hulɗa da ya samu. Idan aka samu irin wannan sauyi, kwana 30 ne kamfani ke da shi ya sanar da hukumar SBA. Lauyan da ke tare da kamfanin yakan ga takardar tun kafin a sa hannu, ya gyara layin da zai kawo cikas. Wanda aka kira bayan an riga an shigar da ƙara ba abin da zai iya yi wa takardar da aka sa wa hannu shekara biyu da suka wuce.

Har mutuwa ma doka ta yi tanadinta. Idan ɗan mazan jiya mai naƙasa ya rasu, matarsa ko mijinta na iya ci gaba da riƙe matsayin kamfanin na wani lokaci: har shekara 10 idan naƙasar ta kai kashi 100 cikin 100 ko ita ce ta yi ajalinsa, shekara 3 idan ba ta kai haka ba. Amma sai an tsara takardun gado da na kamfanin yadda hannun jarin zai faɗa hannun da ya dace, kuma wannan aiki ne da ake yi tun mutum na da rai da lafiya.

Batun girma ma haka yake. Ana auna ƙanƙantar kamfani da yawan ma'aikatansa ko da matsakaicin kuɗin da ya samu a shekaru biyar na baya, gwargwadon fannin sana'arsa. Idan hukuma ta ga cewa wani babban kamfani ne ke juya shi, ko kuma kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga kamfani ɗaya suke fitowa, tana iya haɗa lissafinsu wuri guda, sai ƙaramin ya wayi gari ya zama babba a idon doka.

Aron suna da hukuncinsa

Dalilin wannan tsanani shi ne an sha yin maguɗi. A shekarar 2009 ofishin binciken kuɗin gwamnati na GAO, wanda ke ƙarƙashin majalisar dokoki, ya binciki kamfanoni goma ya gano sun samu kwangilolin kusan dala miliyan 100 ta hanyar zamba ko cin zarafin tsarin. Dabarar da aka fi yi ita ce aron suna: babban kamfani ya samo tsohon soja ya ɗora shi a gaba, a ci kwangila da sunansa, aiki da riba kuma su koma wurin masu kuɗi.

Don toshe wannan hanya aka ƙayyade yawan aikin da kamfani zai iya yanka wa wasu. A kwangilar hidima ko ta sayar da kaya, ba zai biya kamfanonin da ba irinsa ba fiye da rabin kuɗin da gwamnati ta biya shi. A babban aikin gini iyakar ita ce kashi 85 cikin 100, a ƙananan ayyukan gini na ƙwararru irin su wutar lantarki ko famfo kuwa kashi 75, ban da kuɗin kayan aiki. Wanda ya ƙetare iyaka na iya fuskantar tarar dala 500,000, ko adadin abin da ya wuce da shi idan ya fi haka yawa. Idan kuma ƙaramin kamfani ya haɗa gwiwa da babba don neman aiki tare, doka ta yarda a ƙarƙashin wani shiri na jagoranci da hukumar SBA ke amincewa da shi, amma dole ƙaramin ya kasance shi ne jagora, ya kuma yi aƙalla kashi 40 cikin 100 na aikin haɗin gwiwar. Yarjejeniyar haɗin gwiwar na da jerin abubuwan da dole a rubuta a ciki, kuma rashin ɗaya daga cikinsu ya isa a ƙwace kwangila.

Babbar bulalar gwamnati ita ce dokar hukunta masu neman kuɗin gwamnati da ƙarya, wadda aka kafa a 1863 zamanin shugaba Abraham Lincoln, lokacin da ƴan kwangila ke sayar wa sojoji alfadarai marasa lafiya da bindigogin da ba su tashi. Dokar na nan da ƙarfinta: wanda aka kama zai biya ninki uku na asarar da gwamnati ta yi, ga kuma tara a kan kowace takardar neman biya da ya miƙa. Tun 2010 kuma, idan kamfani ya yi ƙarya da gangan a kan girmansa ko matsayinsa, ana ɗauka cewa asarar gwamnati ita ce dukan kuɗin kwangilar, ko da an yi aikin da kyau. Dokar ta kuma ba kowa damar shigar da ƙara a madadin gwamnati ya samu kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Ma'aikacin da aka kora, ko abokin tarayya da aka ɓata da shi, na iya zama mai tona asiri. A ma'aikatar VA, wanda ya yi ƙarya da gangan kan matsayinsa ana hana shi kwangila na aƙalla shekara biyar.

Abin lura shi ne dokar ba ta tsaya kan maƙaryaci na gangan kaɗai ba. Ta haɗa da wanda ya kau da kai daga gaskiya ko ya yi sakaci mai tsanani. Mai kamfanin da ke sabunta rajistarsa a kundin ƴan kwangila na gwamnati kowace shekara, yana amsa tambayoyi ba tare da ya fahimce su ba, shaida ce yake bayarwa a kan kansa.

Sharaɗin da ba a rubuta ba, da umurnin wanda ba shi da iko

Kwangilar gwamnatin Amurka ta bambanta da ciniki tsakanin ƴan kasuwa biyu. Tana tafiya ne a kan wani kundin ƙa'idoji da ake kira FAR, wanda ya fara aiki a watan Afrilun 1984, mai babi 53 da shafuka kusan dubu biyu, ban da ƙarin ƙa'idojin da kowace ma'aikata ke da su. Sau da yawa kwangila ba ta kawo sharaɗi a rubuce, lambarsa kawai take ambata, ya rage wa ɗan kwangila ya je ya nemo ya karanta. A watan Afrilun 2025 fadar shugaban ƙasa ta ba da umurnin a yi wa kundin garambawul, abin da ke nufin cewa ko wanda ya san tsohon tsarin sai ya sake zama ya karanta.

Wani lokaci ma sharaɗin da ba a ambata ba sam yana hawa kan mutum. A 1963 wata kotu ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin G. L. Christian, wanda rundunar sojan ƙasa ta soke wa kwangilar gina gidaje a sansanin Fort Polk da ke jahar Louisiana. Kamfanin ya nemi a biya shi ribar da zai samu da an bar shi ya gama, tunda kwangilarsa ba ta ƙunshi sharaɗin da ke ba gwamnati damar sokewa don raɗin kanta ba. Kotu ta ce sharaɗin na cikin waɗanda doka ta wajabta, saboda haka ana lissafa shi tamkar an rubuta. Har yau ana aiki da wannan hukunci.

Akwai kuma batun iko, wanda ya fi kama tsoffin sojoji saboda tarbiyyarsu ta bin umurni. Mutum ɗaya ne ke da ikon sauya kwangila ko ƙara kuɗi a madadin gwamnati: jami'in kwangila. Injiniyan da ke duba aiki, shugaban asibiti, ko kanar mai kula da sansani, duk girman muƙaminsa, ba shi da wannan iko. Idan kanar ya ce a ƙara katanga, tsohon saje ya ce to ranka ya daɗe ya gina, zai sha wahala kafin a biya shi, in ma an biya. Kotun ƙolin Amurka ta kafa wannan ƙa'ida tun 1947: wanda ke hulɗa da gwamnati, alhakinsa ne ya tabbatar jami'in da ke gabansa na da ikon abin da yake faɗa. Lauyan da ya san kamfanin zai ce a dakata, a rubuta wa jami'in kwangila wasiƙa a ranar, a kuma ajiye lissafin kuɗin ƙarin aikin daban.

Haka batun albashi yake. Dokar Davis-Bacon ta 1931 ta wajabta biyan ma'aikatan gini albashin da ma'aikatar ƙwadago ta ƙayyade wa yankin a duk kwangilar da ta wuce dala 2,000. Wata dokar ta 1965 ta yi irin wannan tanadi ga ayyukan hidima da suka wuce dala 2,500. Wanda ya sa farashi bai lissafa wannan ba, daga aljihunsa zai cike giɓin.

Wa'adin da ake ƙirgawa da kwanaki

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan ne karin maganar ya fi dacewa. Kamfanin da ke ganin an zalunce shi wajen ba da kwangila na da kwana 10 ya kai kuka ofishin GAO, daga ranar da ya san dalilin kukan ko ya kamata ya sani. Idan yana son a dakatar da aikin kafin a yanke hukunci, sai ya shigar cikin kwana 10 da ba da kwangilar, ko kwana 5 bayan zaman bayanin da doka ta wajabta wa ma'aikata. Takardar da ta iso bayan ƙarfe 5:30 na yamma agogon Washington, ta washegari ce. Idan kuma kukan a kan sharuɗɗan takarar ne, dole a yi shi kafin a rufe karɓar takardu. Ofishin na yanke hukunci cikin kwana 100.

A irin wannan ƙara, takardun farashi da dabarun abokan takara sirri ne. Lauyan waje ne ake ba izinin ganinsu, mai kamfani ba ya gani. Wanda ya shiga ba lauya zai yi faɗa ne ba tare da ya ga rabin hujjojin ba.

Shi ma wanda ya ci kwangilar ba a barinsa ya huta. Abokan takara na da kwana 5 na aiki su ƙalubalanci girmansa ko matsayinsa na ɗan mazan jiya. Idan ƙarar a kan girma ce, kwana 3 na aiki ake ba shi ya kawo amsa da takardun haraji da na mallaka. Lauyan da bai taɓa ganin kamfanin ba zai ƙarar da kwanakin nan yana tambayar wane ne wane.

Idan rikicin na biyan kuɗi ne bayan an fara aiki, dokar 1978 ce ke aiki. Ana miƙa buƙata a rubuce ga jami'in kwangila cikin shekara shida, kuma idan ta wuce dala 100,000 sai an haɗa da shaidar cewa lissafin gaskiya ne. Bayan jami'in ya yanke hukunci, kwana 90 ne a ɗaukaka ƙara gaban hukumar sauraron ƙararrakin kwangila, ko wata 12 a je kotun tarayya mai sauraron ƙarar da ake kai gwamnati. A duk tsawon wannan lokaci, dole ɗan kwangila ya ci gaba da aiki. Wanda ya yi fushi ya kwashe kayansa ana iya soke kwangilar da laifinsa, a ɗora masa kuɗin kawo wani ya ƙarasa.

Ƙaramin kamfanin da ya kai gwamnati kotun ƙoli

Lauya ba don kare kai kaɗai yake ba, da shi ake ƙwato haƙƙi. A farkon 2012 ma'aikatar VA ta sayi na'urar aika saƙon gaggawa ga ma'aikatan wasu asibitocinta huɗu daga wani kamfani da ba na tsohon soja ba, ba tare da ta duba ƙa'idar biyu ba. Kamfanin Kingdomware Technologies na jahar Maryland, mallakar wani tsohon soja mai naƙasa, ya kai kuka ofishin GAO ya kuma yi nasara. Ma'aikatar ta ƙi bin shawarar, tunda hukuncin ofishin shawara ce ba tilas ba. Kamfanin ya tafi kotu ya faɗi, ya ɗaukaka ƙara ya sake faɗuwa. Hujjar ma'aikatar ita ce, muddin ta cika kason da aka ɗora mata a shekara, ba dole ba ne ta bi ƙa'idar a kowace kwangila.

A ranar 16 ga watan Yunin 2016, alƙalan kotun ƙoli baki ɗaya suka ba kamfanin gaskiya. Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa kalmar da majalisa ta yi amfani da ita a dokar 2006 ta tilas ce, ba ta zaɓi ba. Aikin da aka yi rigimar a kansa ya riga ya ƙare tun da daɗewa, amma hukuncin ya buɗe wa dubban kamfanonin ƴan mazan jiya kwangilolin da a da ake wucewa da su ta gefensu. Da kamfanin ya makara da kwana ɗaya a matakin farko, ko ya kasa ɗaukar nauyin shari'ar shekara huɗu, da maganar ba ta kai ko'ina ba.

Kuɗin lauya fa?

Lauyoyin da suka ƙware a kwangilar gwamnati na da tsada, kuma ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar ba zai iya ɗaukar lauya a matsayin ma'aikaci ba. Abin da aka saba yi shi ne yarjejeniya da ofishin lauyoyi na waje: a biya wani abu duk wata, ko a biya gwargwadon awannin da aka yi aiki, lauya ya riƙa duba takardu kafin sa hannu, ya kuma yi bitar takardun kamfanin sau ɗaya a shekara. Lauyan unguwa da ya iya shari'ar fili ko ta aure ba lallai ya san wa'adin kwana 5 ba, saboda haka ƙwarewa a fannin ita ake dubawa.

Akwai taimako na kyauta ko mai rahusa. Cibiyoyin APEX da ma'aikatar tsaro ke tallafa wa, da cibiyoyin ba tsoffin sojoji shawarar kasuwanci na hukumar SBA, suna koyar da yadda ake rajista da neman kwangila, sai dai ba su tsaya wa mutum a shari'a. Wata doka ta 1980 kuma ta ba kamfanin da dukiyarsa ba ta wuce dala miliyan 7 ba, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, damar neman gwamnati ta biya shi kuɗin lauya idan ya yi nasara kuma aka ga matsayin gwamnati ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja.

Lauya ba zai sa farashi mai kyau ba, ba zai gina katanga ba, ba kuma zai wanke wanda ya ari suna da gangan ba. Amfaninsa yana ga mai gaskiya wanda ya iya aikinsa amma bai san cewa layi ɗaya a yarjejeniyarsa da abokinsa, ko umurnin baki da ya bi a bakin aiki, na iya cinye ribar shekaru. Lissafin da masu kamfanonin ke yi ke nan: awa biyu na lauya kafin sa hannu a gefe guda, ninki uku na kuɗin kwangila da haramcin shekara biyar a ɗaya gefen.